Yadda ake zaɓen firamwok kafin a gina wa ɗan kasuwa manhajar lissafi

Wata Lahadi, ranar da kasuwar Tawa ke ci, wani Alhaji mai sayar da siminti da ƙarfe da fenti ya aiko yaronsa a kira ni. Na tarar da shi zaune gaban kwamfuta, ya riƙe haɓa. Manhajar da yake lissafi da ita shekara shida ta ƙi buɗewa, ga masu sayayya daga ƙauyuka sun cika bakin shago.

"Malam, bashin da nake bin mutane duka yana cikin wannan akwati," in ji shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ya gina maka ita?"

Wani saurayi ne, ya daɗe da tafiya ƙasar waje neman kuɗi, lambarsa ba ta shiga. Bai bar kod ba, wato rubutun umarnin da aka gina manhajar da shi, bai bar kalmar sirrin rumbun bayanai ba. Kwana uku na yi ina tono kafin in fiddo sunayen masu bashi. Saurayin ba mugu ba ne, aikinsa ma yana da kyau. Ya dai zaɓi kayan aikin da shi kaɗai ya iya, ya kulle ya tafi da makulli.

Tun daga ranar, idan ƙannena masu fitowa daga jami'a suka tambaye ni wane firamwok ya fi, ba na ba su suna. Firamwok tamkar mul ɗin buga bulo ne: ya riga ya yanke maka siffar yadda za ka karɓi buƙata, ka taɓa rumbun bayanai, ka tantance mai shiga, ka fidda shafi. Mul kowa na iya saye. Abin dubawa shi ne wa zai iya gyara ginin idan ba ka nan, kuma ko zai jure yanayin da za a sa shi. Ga yadda nake bi.

Mataki na farko: je ka zauna a shagon

Kada ka buɗe kwamfuta tukuna. Ka ɗauki littafi da biro ka yini a wurin, in da hali ranar kasuwa, lokacin da aiki ya fi zafi. Ka ƙirga mutum nawa ne ke karɓar kuɗi a lokaci guda. Ka duba ko mangaza tana jikin shago ko tana wata unguwa, ko akwai reshe a Ƙonni ko Madawa ko Yamai. Ka lura sau nawa wuta ke ɗaukewa, ko rezo na kamawa a cikin shagon ko sai an fito waje, wace irin firinta suke da ita. Ka roƙi a nuna maka littafin bashi, don a nan ainihin kasuwancin yake.

Akwai abin da ba za a faɗa maka ba sai ka ji da kunnenka. A bakin mutanenmu kuɗi da dala ake ƙirga su, dala ɗaya sefa 5. Mai saye zai ce "ɗari biyu", yana nufin jaka guda, wato sefa 1000. Idan yaron shago ya saba da haka, wata rana zai buga 200 a inda ya kamata ya buga 1000. Ka yanke tun yanzu cewa sefa ake shigarwa, ka sa allon ya nuna jimlar da manyan lambobi. Haka kuma ma'auni: ana sayo siminti da tan, a sayar da buhu mai kilo 50, mai farmasi na sayo kwali ya sayar da kati, mai albasar Galmi da buhu yake magana. Duk waɗannan su ne za su zama teburan rumbunka, wato jerin da ake zuba kowane irin bayani a cikinsu.

Mataki na biyu: yanke inda manhajar za ta zauna

Wannan shi ne hukuncin da ya fi nauyi, kuma shi ke rage maka yawan zaɓi.

Idan kwamfuta ɗaya ce, mutum ɗaya, manhajar da ake girkawa a kan kwamfutar ta isa. Idan masu aiki uku ne ko biyar a gini ɗaya, abin da na fi so shi ne a ajiye kwamfuta guda a matsayin uwa, a ɗaura mata ondila mai riƙe wuta idan ta ɗauke, sauran su shiga ta burauza a kan rezon cikin gida. Ba a buƙatar intanet ko kaɗan, kuma idan ka yi gyara wuri ɗaya ka yi shi. Idan akwai rassa a garuruwa daban-daban, nan ne ake jarabtuwa a ce a ɗora komai a intanet. Yi hankali. Daga Tawa zuwa Yamai ya wuce kilomita 500, kuma ranar da rezo ya yanke, mai saye ba zai tsaya da buhun siminti a kafaɗa yana jiran shafi ya buɗe ba. Ko dai kowane reshe ya riƙe rumbunsa ya riƙa aika rahoto da dare, ko ka gina abin da ke aiki ba tare da rezo ba ya daidaita daga baya. Na biyun yana da wuya ƙwarai, ya fi yadda yake a baki. Idan aikinka na farko ne, ɗauki na farkon.

Alhaji zai ce yana son ganin cinikin yau a wayarsa ko yana Makka. Wannan buƙata ce ta gaskiya, amma ba ta nufin sai an gina manhajar waya da firamwok irin Flutter tun ranar farko. Shafi guda mai nuna jimlar ciniki ya wadatar.

Mataki na uku: zaɓi rumbu kafin firamwok

Firamwok na tsufa a canza shi. Bayanan ciniki kuwa sai su shekara ashirin ana komawa kansu. Saboda haka rumbun bayanai ake fara zaɓa.

SQLite fayil ɗaya ne, kyauta, ba ya buƙatar girkawa, yana da aminci ga kwamfuta ɗaya ko waya. Sai dai mutum ɗaya ke iya rubutu a cikinsa a lokaci guda, kuma masu shi da kansu sun yi gargaɗi kan ajiye fayil ɗin a rezo kwamfutoci da yawa su riƙa taɓa shi. Microsoft Access har yanzu yana cikin ofisoshi da yawa, amma fayil ɗinsa ba ya wuce gigabait 2. SQL Server Express kyauta ne, na 2022 yana tsayawa a gigabait 10 ga kowane rumbu. MySQL, wanda ya koma hannun Oracle a 2010, da ƙaninsa MariaDB, su ne kusan kowane ɗalibi ya fara koyo. Ni dai ga aikin kuɗi PostgreSQL nake ɗauka: yana da tsauri wajen ƙin karɓar bayanin da bai dace ba, kuma lasisinsa bai hana ka sayar da abin da ka gina a kansa ba.

Kowanne ka ɗauka, ka tabbatar da abu uku.

Na ɗaya, ya iya "ko duka ko babu". Sayar da buhu goma aiki huɗu ne a ciki: a rubuta faktir, a rage kaya a mangaza, a ƙara kuɗi a akwati, a rubuta a lissafi. Idan wuta ta ɗauke bayan na biyu, dole duka su koma kamar ba a taɓa ba. A MySQL injin InnoDB ne ke yin wannan, tsohon MyISAM ba ya yi, kuma har yau ina cin karo da tsofaffin tebura a kansa.

Na biyu, haruffanmu. Sunan mutum Ɗanjuma ko Ƙasimu, ko kaya irin su ɓawo, idan rumbu na kan tsarin latin1 sai su koma alamar tambaya. Kafin fitowar MySQL 8.0, latin1 ne yake zuwa da shi. Ka sa utf8mb4, ko UTF8 a PostgreSQL, ka gwada da ƙ, ɗ, ɓ, ƴ da kuma wasulan Faransanci masu alama a ka, tun daga allo har takardar da firinta ta fitar.

Na uku, kuɗi. Sefa ba ta da ɓarɓashi a ciniki, don haka ka ajiye ta a cikakkiyar lamba. Kada ka taɓa sa kuɗi a irin lambar da ke yawo da ɗigo, wadda idan ka haɗa 0.1 da 0.2 take ba ka 0.30000000000000004. Ni kaina na taɓa faɗawa wani rami kusa da wannan. Harajin TVA a Nijar kashi 19 cikin ɗari ne. Kaya na sefa 1250, harajinsa 237.5. Idan layi biyu ne a faktir, ka cike kowanne zuwa 238, jimla 476. Idan kuwa ka haɗa su 2500 kafin ka lissafa, 475 ne. Sefa ɗaya tak. A ƙarshen wata ta taru ta zama gardama tsakanina da kontabul, yana rantsuwa manhajata na cin kuɗi. Ka tambayi kontabul yadda yake yi, ka rubuta a takarda, ka bi hanya ɗaya a ko'ina.

Mataki na huɗu: tambayi kanka ko ma sai ka gina

Wannan tambayar ba ta yi wa mai gini daɗi, amma sai an yi ta. Akwai manhajojin kasuwanci da aka riga aka gina. Odoo, na ƙasar Beljiyam, an gina shi da harshen Python a kan PostgreSQL, yana da sashen ciniki da na kaya da na saye. Akwai na kyauta, akwai na biya mai ƙarin sassa. Dolibarr kuwa daga Faransa ya fito, da harshen PHP, mai sauƙi ne, kuma da Faransanci yake magana tun asali. Idan buƙatar mai shago saye da sayarwa ce kawai, sau da yawa girka ɗaya daga cikinsu da daidaita shi ya fi gini daga tushe araha da aminci. Inda gini ke da hujja shi ne idan kasuwancin na da wata hanya tasa, kamar dillalin albasa mai ba manoma kuɗi tun kafin girbi, ya cire a buhu, ya biya masu lodi da direba a kan kowace mota. Irin wannan, lanƙwasa manhajar wani ya fi gina taka wahala.

Mataki na biyar: tace sunayen su koma biyu ko uku

Yanzu ne ake maganar sunaye.

Laravel, wanda Taylor Otwell ya fitar a 2011, da PHP yake aiki. Ƙarfinsa a wurinmu shi ne mutane: masu PHP sun fi sauƙin samu, kuma wurin ajiye shi a intanet ba tsada. Yana fidda sabon babban zubi, wato sabuwar sigarsa, kowace shekara, kowanne ana toshe masa kafofin tsaro na shekara biyu, ke nan ka sa a ranka za ka riƙa ɗaga shi akai-akai. Symfony ɗan Faransa ne, shi ma PHP, ya fi tsari da nauyi, littattafansa da Faransanci suna da yawa, kuma zubinsa na dogon zango na samun gyaran tsaro har shekara huɗu.

Django, na Python, tun 2005 yake. Abin da ya sa nake yawan komawa gare shi shi ne shafin gudanarwa da yake zuwa da shi: da ka bayyana teburanka, ka samu wurin shigar da kaya da abokan ciniki da masu aiki, kowa da iyakar ikonsa, ba tare da ka zana allo ko ɗaya ba. A manhajar rumbun bayanai wannan kusan rabin aiki ne. Zubinsa na 5.2 ya fito a Afrilun 2025, ana kula da shi har Afrilun 2028. Masu Laravel na samun makamancin wannan shafi da wani ƙarin kayan aiki mai suna Filament.

Spring Boot na Java da ASP.NET Core na Microsoft su ne za ka fi gani a manyan ma'aikatu. Suna da ƙarfi, suna kama kuskure tun kafin manhaja ta tashi, amma ga shago mai ma'aikata huɗu kamar a ɗauko tirela ne don kai buhu biyu. Idan kuwa manhajar kan kwamfuta ake so mai magana kai tsaye da firinta da sikeli, .NET na da kyau a Windows.

Sai WinDev, na kamfanin PC SOFT da ke Montpellier a Faransa. Ba za a yi maganar manhajar kasuwanci a ƙasashe masu Faransanci a tsallake shi ba. Yana da sauri wajen zana allo da rahoto, har ana iya rubuta kod ɗinsa da Faransanci. Amma na kuɗi ne, harshensa nasa ne shi kaɗai, kuma wanda zai gaje ka dole shi ma ya mallaki lasisi. Idan za ka bi shi, ka saya ta halal, ka sa kuɗin a farashinka. Kada ka gina dukiyar wani a kan kwafin sata.

Da me za ka tace? Tambaya ta farko: idan yau na kwanta ciwo, mutum nawa na sani a Tawa ko Yamai da za su buɗe wannan kod su gane? Ka ƙirga su da suna. Ka leƙa abin da ake koyarwa a Jami'ar Abdou Moumouni da ta Djibo Hamani ta nan Tawa, ka duba abin da matasan da ke zuwa CIPMEN, cibiyar renon ƙananan kamfanoni a Yamai, ke aiki da shi. Idan ba ka samu mutum uku ba, ajiye wannan firamwok komai kyansa. Ta biyu: shekara nawa za a ci gaba da kula da shi? Visual FoxPro ya yi zamaninsa, Microsoft ta daina tallafa masa a 2015, kuma waɗanda suka gina a kansa sai da suka sake gini. Ta uku: me ka riga ka iya? Da tsohuwar zuma ake magani. Koyon sabon harshe a kan kuɗin mai shago zalunci ne ƙarami.

Ka karanta lasisi kuma, ko da yana sa barci. Django na kan lasisin BSD, Laravel da Symfony na kan lasisin MIT, duka sun yarda ka sayar ka riƙe kod ɗinka. MySQL lasisi biyu gare shi, GPL da na biya, don haka idan za ka cusa shi a cikin rufaffiyar manhajar da kake rabawa, ka karanta sharuɗɗan da kyau. Haka firamwok ɗin Qt, ga masu gina manhajar kan kwamfuta.

Mataki na shida: gwajin kwana uku

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Da kowane ɗaya daga cikin biyun da suka rage, ka gina abu ƙarami iri ɗaya: teburin kaya, teburin abokan ciniki, faktir mai layi da yawa, da biyan rabin kuɗi a bar rabi bashi. Kada ka ɓata lokaci a kan launi.

Sannan ka azabtar da shi. Ka bar buhu ɗaya a mangaza, ka sa mutum biyu su sayar da shi a daƙiƙa guda daga kwamfuta biyu. Idan duka sun wuce, kaya ya koma ƙasa da sifili, ba ka kulle layin ba. Django na da select_for_update, Laravel na da lockForUpdate, kuma babu wanda zai sa maka su sai ka sa da hannunka. Haka "ko duka ko babu": rumbu ya iya, amma sai ka naɗe aikin a cikin atomic na Django ko DB::transaction na Laravel. Bayan haka ka fara ajiye faktir mai layi hamsin, ka zare wayar wuta ana tsakiya, a kan kwamfutar gwaji ba ta Alhaji ba. Ka kunna ka ga abin da ya rage.

Ka cika teburin da layin ciniki na ƙarya dubu ɗari biyar, ka nemi rahoton shekara a kan tsohuwar kwamfutar shagon, ba a kan taka mai gudu ba. Ka buga tikiti a ƙaramar firintar zafi mai takarda milimita 58 ko 80. Yawancinsu harshen ESC/POS suke ji, kuma bugawa daga burauza nan ne manhajojin yanar gizo suka fi ba da ciwon kai. Ka ƙara sabon gurbi a tebur bayan an riga an zuba bayanai, ka ga ko firamwok ɗin na da hanyar sauya fasalin rumbu ba tare da asara ba. Ka fidda komai zuwa Excel, don ko ba a faɗa maka ba kontabul zai nema.

Daga ƙarshe ka zaunar da yaron shago, kada ka ce masa komai, ka ga minti nawa zai yi kafin ya fidda faktir.

Mataki na bakwai: hukuma

Nijar na cikin ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, lissafin kamfanoni kuwa da tsarin SYSCOHADA ake yin sa, wanda sabon zubinsa ya fara aiki a Janairun 2018. Ko da manhajarka ba ta kontabul ba ce, ka tsara ta yadda kowane motsi zai san gidansa: abokan ciniki 411, masu kawo kaya 401, akwatin kuɗi 571, cinikin haja 701. Faktir na ɗauke da lambar NIF, wato lambar shaidar mai biyan haraji. Hukumar haraji ta DGI kuma ta shigo da tsarin faktir mai tabbaci, SECeF, mai alamar QR a jiki. Kafin ka rubuta layi ɗaya, je ofishin haraji ka tambaya ko mai shagon na cikin waɗanda abin ya shafa, da sharuɗɗan da manhaja za ta cika, sannan ka tabbatar firamwok ɗinka zai iya magana da na'urar ko hanyar da suka tanada. Sunaye da lambobin wayar mutane da za ka tara su ma akwai hukumar da ke kula da kare su, HAPDP.

Biyan kuɗi kuwa ka bar masa ƙofa a buɗe. Yau tsaba ce, gobe Airtel Money ko Moov Money, jibi an turo ta Nita ko Amana. Ka yi wa hanyoyin biya teburinsu, kada ka rubuta su a cikin kod.

Mataki na takwas: rubuta, ka miƙa makulli

Da ka zaɓa, ka rubuta shafi ɗaya: wane firamwok, wane zubi, wane rumbu, me ya sa, yaushe tallafinsa zai ƙare. A yarjejeniya ku fayyace na wane ne kod, nawa ne kuɗin kulawa a shekara, da abin da zai faru idan kun rabu. Mutanenmu ba su saba biyan kuɗin kulawa ba, suna ganin manhaja kamar tebur ce, an saya an gama. Ni nakan ce, "Alhaji, motarka ma ai ana juye mata mai," sai ya yi dariya ya yarda.

Ka saita kwafin ajiya ya riƙa fita da kansa kowane dare, da pg_dump na PostgreSQL ko mysqldump na MySQL, ɗaya a faifan waje, ɗaya a wajen shagon gaba ɗaya, saboda gobara da ɓarawo da zafin watan Afrilu ba su san darajar faifai ba. Sau ɗaya a wata ka ɗauki kwafin ka mayar da shi a wata kwamfuta ka ga ya buɗe da gaske.

Alhajin siminti yanzu yana da ambulan a cikin akwatinsa na ƙarfe, tare da takardun filayensa. A ciki akwai kile USB mai ɗauke da kod, da kalmomin sirri, da takarda mai bayanin yadda ake girka manhajar daga farko, da lambobin wayar wasu mutum biyu a Yamai da suka iya irin aikin. Duk bayan wata shida nakan je in sabunta abin da ke ciki, ya sa a kawo mini shayi, mu rufe ambulan ɗin a gabansa.